LABARIN HANYA: Yara uku a gindin bedi

A wannan wata labarin hanya ya bi ta ƙasar Gobir, kudu da Gidan Rumji, wajen iyakar Nijar da Najeriya. Labarin wani mai sayen awaki ne da wasu yara uku da ya tarar a bakin hanya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin abin da ya samu mutumin nan yana iya samun duk wanda ya shiga mota.

Mai awaki ya kama hanya

Mutumin nan ɗan Maraɗi ne, shekarunsa sun kusa 50. Yana da mata biyu da ƴaƴa tara. Sana'arsa sayen jar akuya da fatu. Da can ta Ɗan Isa yake bi, ya kai kaya Jibiya da Katsina, ya komo da riba. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020. Tsakanin nan ciniki ya yi sanyi. Mai awaki ya koma bin kasuwannin ƙauye, ya sayi biyar nan, ya sayi bakwai can, ya kawo Maraɗi ya sayar wa mahauta.

Wata rana cikin watan Yuni na 2020, bayan ruwan shuka ya sauka, ya shiga motar kasuwa tun da asuba. A aljihunsa akwai jika 150, su ne jarinsa duka. Suka wuce Tsibiri, suka isa Gidan Rumji, suka bar kwalta suka nufi kudu. Da hantsi, kusa da wani ƙauye, ƙafar mota ta nutse cikin taɓo. Direba ya ce kowa ya sauka. Karen mota ya ɗauko shebur, samari suka tuɓe riguna suka shiga turi. Dattawa da mata suka koma gindin wani bedi inda wata tsohuwa ke sai da fura.

Igiya ba akuya

A gefen tsohuwar akwai yara uku zaune a ƙasa. Babban namiji ne, zai yi shekara 12. Mai bi masa mace ce, ba ta wuce 9 ba. Tana goye da ƙaraminsu, wanda bai cika shekara 3 ba. Ba bara suke yi ba, ba su miƙa wa kowa hannu ba. Suna dai kallon ludayi yana tashi daga ƙwarya yana komawa.

Idon mai awaki ya saba da igiya. Ya ga babban yana riƙe da igiyar kaba mai zarge irin na ɗaurin akuya, amma bai ga akuya ba. Ya matsa kusa ya ce: «Sannu, samari. Ina akuyar take?»

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: «Mun sai da ta, Baba. Ita kaɗai munka hito da ita. Munka sai hatsi da kuɗin.»

«Daga ina kuke?»

«Daga ƙasar Sabon Birni.»

«Ina babanku?»

«Allah ya yi mishi rasuwa. Da marece sunka zo bisa babura. Shina ƙofar gida sunka harbe shi.»

Mutanen da ke gindin bedi suka yi salati. Mai awaki ya ce: «Allah ya jiƙansa. To ina innarku?»

«Inna tac ce mu bi mutane, za ta koma ta kamo hannun kakarmu. Munka kwana muna tafiya. Ba mu ƙara ganin ta ba.»

Tausayi ya kama kowa. Wani ya ciro dala ashirin, wani dala hamsin. Wata mata ta saya musu fura. Manyan biyu suka sha, ƙaramin ya kau da kai. Wani saurayi ya ɗaga wayarsa zai ɗauki hoto. Tsohuwa ta ɗaga masa ludayi ta ce: «Kai yaro, in ɗiyan gidanku ne, ka so a kai hotonsu duniya?» Saurayi ya mai da waya aljihu.

Kowa ya zaɓi nasa

A cikin motar akwai wata Hajiya mai sai da atamfa. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa ta ce wa tsohuwa: «Iya, yarinyar nan tana da hankali. A ba ni ita in tafi da ita Maraɗi. Za ta ci, za ta sha, in ɗinka mata zane. In ta isa aure in yi mata kayan ɗaki.»

Direba ya zo shan ruwa, ya ji maganar, ya ce: «Ni kuma a ba ni namijin. In ya bi ni shekara biyar ya iya tuƙi.»

Mai awaki bai ce komi ba. Amma a ransa shi ma ya yi lissafi. Ya daɗe yana neman yaron da zai riƙa kai masa awaki kiwo a bakin gulbi, ga kuma yaro wanda ya san igiya.

Ba wanda ya ambaci ƙaramin. Ba ya iya talla, ba ya iya kiwo, ga shi ba lafiya.

Sai babban ya miƙe ya ce wa mai awaki: «Baba, in za a ɗauka, a ɗauke mu mu uku. Inna tac ce kar in rabu da su. In ta zo ba ta ishe mu wuri guda ba, mi zan ce mata?»

Tsohuwa ta rufe ƙwaryarta da faifai ta ce: «Hajiya, ki yi haƙuri. Ɗiyan ga ba nawa ba ne balle in ba da su. Yau kwana ashirin a ɗakina suke kwana. Mai gari ya damƙa mini su. Mai son magana shi tahi wurinshi.»

Ana cikin haka mota ta fita daga taɓo. Direba ya danna oda. Hajiya ta ce kasuwa ba ta jiran kowa, ta hau. Kowa ya hau. Mai awaki ya kama ƙarfen mota zai hau, sai idonsa ya faɗa kan ƙafafun ƙaramin da ke reto a bayan yarsa. Sun kumbura. Gashin kansa ya yi ja, ya yi laushi. Mai awaki ya san wannan alama. A 2005, shekarar yunwar da ta biyo bayan fari da fara na 2004, da irin waɗannan ƙafafu ɗansa na uku ya rasu, domin ba a kai shi likita da wuri ba. Ya saki ƙarfe ya ce wa direba: «Ku tafi. In kun juyo ku ɗauke ni a nan.»

A zauren mai gari

Tsohuwa ta bar wa jikanyarta fura, ta yi masa jagora. Suka tarar da mai gari ya komo daga shuka, yana wanke ƙafa. Bayan gaisuwa mai awaki ya ce: «Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, mota ta tsaya da mu. Na ga marayu uku wurin Iya. Ƙaramin yana bukatar likita yau, ba gobe ba.»

Mai gari ya ce: «Alhaji, Allah shi saka da alheri. Dubi garin ga. Babu gidan da ba baƙo. Wani gida mutum takwas ne, yanzu sun zama ashirin. Rumbuna sun yi ƙasa, ga damina ta kama. Na san yaron ba shi da lafiya. Jiya na ce a nemi amalanke, duk shanu suna gona.»

Ya aika aka ɗauko wani littafi irin na ƴan lakkol. Wani saurayi na garin ne ke rubutawa. Duk baƙon da ya sauka an sa sunansa, da sunan ubansa, da na uwarsa, da garin da ya fito, da gidan da aka sauke shi. Sunayen yaran nan uku suna ciki. Mai gari ya ce ma'aikatan gwamnati da na hukumar HCR, mai kula da ƴan gudun hijira, suna zagayawa suna ɗaukar sunayen. Ya ce saboda wannan littafi ne ba ya barin kowa ya tafi da yaro.

Mai awaki ya tambaya yadda gari ƙarami ya iya ɗaukar wannan nauyi. Tsohuwa ce ta amsa. Ta ce: «Ɗana, shekarar El-Buhari ina da goyo. Hatsi bai yi ba. Da ƙafa munka tahi ƙasar Sabon Birni ta cikin daji. Wata mata da ban sani ba ta ba ni ɗaki, ta raba garin rogonta da ni wata huɗu. Yau ɗiyansu sun zo, in ce ban san su ba?»

Dattawa sun san shekarar da take nufi. Ita ce yunwar 1984 zuwa 1985. An sa mata wannan suna domin a watan Afirilu na 1984 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta rufe iyaka, abinci ya daina shigowa ta hanyar mota. Kafin ita an yi farin 1973 zuwa 1974, lokacin da makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka taru a sansanin Lazare a Yamai. A kowace irin wannan shekara ana samun yaran da suka rasa iyaye a kan hanya.

Zumuncin gefen biyu kuwa ya girmi iyaka. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawa sun kafa Tsibiri a 1836. Daga Tsibiri ne Ɗan Halima ya fita ya kafa Sabon Birni. Gulbin Maraɗi ma haka yake tafiya: daga ƙasar Katsina ya shigo ta Madarumfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Aure da kasuwa da gaisuwar mutuwa ba su taɓa yankewa ba tsakanin garuruwan nan.

Abin da ya koro su

Tun daga 2019 ƴan bindiga masu satar shanu da satar mutane suka matsa wa ƙauyukan jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina. Mutane suka riƙa ƙetarowa jahar Maraɗi, musamman ƙasar Gidan Rumji da ta Madarumfa. A watan Afirilu na 2020 kaɗai, hukumar HCR ta ƙidaya mutum 23.000 da suka shigo, abin da ya kai jimillarsu sama da 60.000 a lokacin. Mafi yawansu mata ne da yara. Ran 27 ga watan Mayu na 2020 aka kai hari a ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa na ƙasar Sabon Birni, aka kashe mutum fiye da 70. A cikin masu gudun kwanakin nan ne yaranmu uku suka ƙetaro.

Talakawan ƙauyukan bakin iyaka su suka fara karɓar baƙi, tun kafin wata mota ta agaji ta iso. Daga baya gwamnati da HCR suka shirya wurare nesa da iyaka, a Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori, inda baƙi ke zaune kusa da ƴan gari, suna shan rijiya ɗaya, yaransu suna shiga lakkol ɗaya.

A gidan likita

Mai awaki ya ciro jika uku daga jarinsa aka kira ɗan kabu-kabu. Yarinyar ta ƙi sakin ƙanenta, saboda haka aka ɗora su tare, tsohuwa ta riƙe su. Aka kira na biyu ya ɗauki mai awaki da babban yaron.

A gidan likita majo ya ɗauko ɗan ma'aunin damtse mai launi uku, kore da rawaya da ja. Ya naɗa shi a damtsen hagu na yaron. Ya tsaya kan ja. Ga yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, in kaurin damtse bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ce mai tsanani. Majo ya danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu, ya ɗaga, rami ya zauna. Ya ba shi abincin gwaji, yaron ya ƙi ci. Majo ya ce: «Wannan sai an kwantar da shi a babban asibiti. Da kun ƙara kwana uku, da wata magana ake yi.»

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ba a karɓi ko dala ba. Abin da ya hana a kawo yaron tun farko kuɗin hanya ne, da rashin babban da zai bar aikinsa ya tsaya a kansa. Aka tura shi asibiti, tsohuwa ta bi shi jinya. Aka fara ba shi madara ta musamman kaɗan-kaɗan, dare da rana. Da kumburi ya saɓe, ya soma karɓar abinci, aka sallame shi da abincin nan na cikin ƴar leda mai suna Plumpy'Nut, wanda ake haɗawa da gujiya da madara da sukari da mai. Tun 2005 aka fara yin sa a Yamai. Magani ne na mai tamowa shi kaɗai, ba a raba shi da sauran yaran gida, ba a kai shi kasuwa.

Ranar nan mai awaki bai sayi ko akuya ɗaya ba. Da ya koma gida uwargidansa ta tambaye shi ina kaya. Ya ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce: «Da ka kawo yarinyar nan, da na riƙe ta.» Ya ce: «Na sani. Amma da ƙaramin ya mutu.»

Don me ba a ɗaukar yaro a hanya?

Wani zai ce Hajiya da direba alheri suka nufa. Mai yiwuwa ne. Riƙon maraya abu ne mai lada, kuma al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Amma riƙo yana da ƙofar da ake shiga ta cikinta, kuma ga dalilai.

Na farko, yaron da aka tarar shi kaɗai ba lalle ne ba shi da kowa ba. A wurin gudu iyali kan watse, wani ya yi gabas, wani ya yi yamma. Dangi suna nema, kuma a garuruwan bakin hanyar da aka bi suke nema. In an tafi da yaro Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ba da sanin kowa ba, sawunsa ya ɓace.

Na biyu, masu ɗauka kan zaɓi mai ƙarfi su bar mai rauni. Yarinyar nan ita ke goyon ƙanenta, ita ke ba shi ruwa, ita ya sani. Babban kuma shi ya san sunan ubansu da na kakansu da na garinsu. In an raba su, ƙaramin ya rasa mai goyo, ya rasa mai faɗa masa ko shi ɗan wane ne.

Na uku, maraya yana da gado. Uban yaran nan ya bar gona da gida a ƙasar Sabon Birni. Addinin Musulunci ya ce a kira yaro da sunan ubansa, a tsare masa dukiyarsa har ya yi hankali a miƙa masa. Yaron da ya tashi a wani gari, ba shaida, ba takarda, ba wanda ya san asalinsa, ranar da ƙasa ta lafa ba shi da bakin neman gonar ubansa.

Na huɗu, ba kowane mai cewa «a ba ni» ne mai alheri ba. Yarinya nawa aka kai birni da sunan riƙo ta ƙare a wanke-wanke da talla, ba lakkol, ba makarantar allo? Akwai kuma masu tara yara su kai su bara ƙasashen waje. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Mafi yawansu daga ƙasar Kance suka fito. Mai gari ba ya ganin zuciyar baƙo. Shi ya sa doka ɗaya ya yi wa kowa, har da Hajiya, har da Alhaji.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare haƙƙin yara tun 1990. A cikinta akwai haƙƙin yaro ya san iyayensa, ya riƙe sunansa, a kuma taimaka masa ya koma cikin danginsa. Littafin mai gari aikin nan yake yi.

Yadda ta ƙare

Bayan mako biyu mai awaki ya sake bin hanyar. Ya sauka da tiya biyar ta hatsi da sabulu. Ya tarar an sallamo ƙaramin, yana zaune da kansa yana tsotsar ledarsa. A zuwa na uku ya sayi jar akuya mai ciki a kasuwa, ya kawo ta zauren mai gari. Ya ce a gaban shaidu: «Ranka ya daɗe, habbanaye ce. Ta yaran nan ce su riƙa. In ta haihu ƴaƴan nasu ne, madara tasu ce da ta Iya. In an yaye sai a maido mini uwar.» Babban yaron ya shiga ɗaki ya ɗauko igiyarsa.

Bayan kaka, masu neman dangi na ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar suka zo da labari. Wata mata a Garin Kaka ta daɗe tana ba da sunayen ƴaƴan ƙanenta uku. Aka gwada sunayen da na cikin littafi, suka yi daidai: sunan uba, sunan kaka, sunan gari. Aka kawo ta. Tun daga nesa yarinyar ta gane ta, ta ruga tana kiran «Gwaggo». Mai gari ya tara shaidu, aka rubuta, gwaggo ta tafi da su su uku, da akuya da ƴaƴanta biyu. Tsohuwa mai fura ta raka su har bakin mota, ta komo ta zauna ba ta yi ciniki ba ranar nan.

A bakin gwaggo aka ji cewa kakar yaran ta rasu a daren gudu. Uwarsu kuwa, har ranar da mai awaki ya kai musu ziyara ta ƙarshe, ba a ji ɗuriyarta ba. Sunanta yana cikin takardun masu nema. Babban yaron ya shiga lakkol a Garin Kaka tare da yaran da ya girma da shekara huɗu. Duk motar da ta tsaya, sai ya je ya duba masu sauka.

Abin da matafiyi zai yi

Ba ƴan bindiga kaɗai ke mai da yara marayu ba. Akwai haihuwa mai wuya, akwai sanƙarau, akwai kwalara irin wadda ta auka wa ƙasar Madarumfa a 2018, akwai haɗarin mota, akwai ɗan cin rani da bai komo ba. Kuma ba duk yaron da ke yawo a tasha ne maraya ba, da yawa almajirai ne masu iyaye da malami. Saboda haka in Allah ya haɗa ka da yaro shi kaɗai a hanya, ga abin da ya kamata:

1. Ka ba shi ruwa da abinci tukuna. Ka yi masa magana a hankali. Kada ka matsa masa ya faɗi abin da ya gani.

2. Ka tambayi sunansa, da sunan ubansa da uwarsa, da garinsu, da wurin da yake kwana. Ka rubuta, ko ka sa a rubuta.

3. Ka dubi ƙaraminsu. In ƙafafu sun kumbura, ko damtse ya tsotse, ko yana gudawa, ko jiki da zafi, ko ya ƙi abinci, a kai shi likita a ranar. In kana da abin bayarwa, kuɗin hanyar likita ya fi sadakar dala-dala amfani.

4. Kada ka tafi da shi. Ka kai maganar wurin mai gari, ko sarki, ko ofishin magajin gari, ko jandarma. Su ne za su sanar da ma'aikatan kare yara.

5. Kada a raba wa da ƙane. Mai son riƙo ya riƙa duka, da sanin hukuma, da shaidu, da takarda.

6. Ka taimaki gidan da ya sauke su. Tiyar hatsi, ko tabarma, ko gidan sauro, ko akuyar habbanaye, duk suna rage wa mai masauki nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Kada ka ɗauki hotonsu ka watsa.

Ku kuma masu riƙon marayu a gida, ku tuna da takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwar duk jaririn da aka haifa a ƙasar nan. Wanda lokaci ya wuce masa, alƙali ke ba shi takardar da ke tsaya mata. Ku kai su rigakafi. Da damina ku karɓar musu maganin kariya daga zazzaɓin sauro da ake raba wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Ku sa su makaranta tare da ƴaƴanku, kada ɗan gida ya tafi lakkol maraya ya tafi kiwo. Masu gari kuma kowa ya ajiye littafi irin na wancan zaure, ya nemi mai rubutu ya riƙa cika shi.

Mai awaki har yanzu yana bin kasuwanni. An maido masa da uwar akuyarsa, ya sake ba da ita ga wani gida mai marayu a ƙasar Tsibiri.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya haɗa waɗanda suka rabu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.